Piya-piya a buhun wake: Abin da ke kashe ƙwaro, shi ke kayar da mai shago

Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta taso daga Dosso ta ratsa Dogon Dutsi zuwa Birnin Ƙonni a lokacin kaka, ya san cewa wake shi ne kuɗin ƙasar Arewa. Gero na ci ne, wake na sayarwa. Daga Matankari da Dankasari da Kiyeshe, har zuwa Kore Mairuwa da Gesheme da Tibiri, mata na auna shi tiya-tiya, dillalai na tarawa, manyan 'yan kasuwa kuma na ɗinke buhuna suna jiran farashi ya tashi, ko su tura shi kasuwannin jihar Kabi da Sakkwato. Nijar ce ta biyu a duniya wajen noman wannan wake, Najeriya ce kawai ke gabanta.

To amma kowa ya san abokin gabar mai ajiyar wake. Ƙwaron nan tun daga gona yake biyo shi. Macen tana liƙa ƙwai a jikin ƙwayar wake, tsutsa ta huda ta shige ciki tana ci, cikin mako uku zuwa huɗu na lokacin zafi ta fito cikakken ƙwaro, ita ma ta saka nata ƙwan. Buhun da aka ɗinke lafiya lau a watan Nuwamba, kafin Maris ya koma ramuka da gari. Wannan tsoro ne ya kai mutane ga ƙaramar kwalbar nan da ake kira piya-piya, wadda a Najeriya aka fi sani da Sniper, masana kuma ke kira diklobos ko DDVP.

A bara na shiga wani shagon ajiya don gaisawa da mai shi, sai na tarar ana hayaniya. Yaron da ke ɗinkin buhu ne ya faɗi. Tun safe yake cikin ɗakin, ƙofa a saye, yana yayyafa maganin a kan wake yana juyawa da hannu. Gumi ya jiƙa masa riga, yawu na zuba, jikinsa na rawa, ƙirjinsa na kurari kamar na mai shaƙuwa da ruwa. Wata dattijuwa ta ce iska ce ta buge shi, a nemo turare. Wani ya ruga neman nono. Allah ya sa mai shagon ya tsaya kai da fata a kan sai likita, aka ɗora shi a babur. Ya tashi, amma sai da ya yi kwanaki a kwance. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda babu ko mutum ɗaya a wurin da ya fara zargin kwalbar da ke ajiye a bakin ƙofa.

Ɗan aike da mai share fage

Don a gane abin da ya kayar da yaron, sai an leƙa cikin jiki. Ƙwaƙwalwa ba ta taɓa hannu ko zuciya ko huhu kai tsaye, saƙo take aikawa ta jijiyoyi. A inda jijiya ta ƙare, akwai ɗan ƙaramin rata tsakaninta da tsokar da za ta karɓi umarni. Saƙon ba ya iya tsallake ratar nan da kansa, sai jijiyar ta saki wani sinadari mai suna asetilkolin, wanda za mu kira ɗan aike. Shi ne ke ƙetarawa ya ce wa tsoka ki motsa, ya ce wa baki ka kawo yawu, ya ce wa hanji ka juya, ya ce wa zuciya ki sassauta.

Wani likita Bajamushe, Otto Loewi, shi ya tabbatar da haka a garin Graz na ƙasar Ostiriya a 1921, da zuciyar kwaɗi biyu. Ya tsokani jijiyar zuciya ta farko har bugunta ya ragu, sannan ya ɗebi ruwan da take ciki ya zuba wa ta biyu, wadda ba a taɓa jijiyarta ba. Ita ma sai ta sassauta. Ke nan akwai wani abu a cikin ruwan da ke ɗauke da umarnin. Wannan aiki ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1936 tare da Henry Dale na Ingila.

Uwargida 'yar kasuwa ta san cewa ɗan aiken da ya isar da saƙo ya kamata ya ba da wuri. Idan ya tsaya a bakin rumfa yana maimaita magana ɗaya, wani ya zo ya tsaya kusa da shi yana maimaitawa, na uku ma haka, ciniki ya tsaya. Shi ya sa jiki ke da mai share fage. Wani enzayim ne, wato irin sinadaran da jiki ke ƙerawa don su hanzarta aiki, sunansa kolinestaras. Aikinsa ɗaya tal: da zarar ɗan aike ya faɗi saƙo, ya datse shi gida biyu. Yana cikin mafi saurin enzayim da aka sani, ƙwara ɗaya tasa na datse 'yan aike dubbai a cikin sakan guda.

Piya-piya da danginsa, waɗanda ake kira oganofosfet, ga wannan mai shara suke zuwa. Suna manne masa a daidai bakin da yake aiki da shi, su ƙi saki. Sai 'yan aike su taru ba mai kwashe su. Baki ya yi ta zubar da yawu, ido ya yi ta hawaye, baƙin ido ya tsuke ya koma kamar kan allura, ciki ya murɗa da amai da gudawa, tsoka ta yi ta ɓari har ta gaji ta saki. A cikin ƙwaƙwalwa kuma rikicewa ce da jijjiga da suma. Abin da ke kisa galibi numfashi ne: huhu ya cika da majina, tsokar da ke jan iska ta daina aiki. Ƙwaron wake yana da irin wannan enzayim ɗin, ta nan maganin ke kashe shi. Bambancinmu da shi girman jiki ne da hantar da ke ƙoƙarin narkar da dafin, ba wai dafin ya san mutum ya ƙyale shi ba.

Wani abin mamaki, da wake aka fara gano wannan hanya, kuma waken Afirka ta Yamma. A yankin Kalaba da ke kudancin Najeriya akwai wani wake mai dafi da mutanen Efik ke kira esere, wanda a da ake ba wanda ake tuhuma da maita ya ci. Turawan mishan suka kai shi Sikotilan, wani malamin likitanci a Edinbara, Robert Christison, ya gwada shi a jikinsa a 1855, da ƙyar ya sha. A 1864 aka ware sinadarin da ke cikinsa, daga baya Loewi da abokin aikinsa suka nuna a 1926 cewa toshe mai share fagen nan yake yi. Shi kuwa dangin piya-piya a Jamus aka haife shi. Gerhard Schrader yana neman maganin ƙwari ne a 1936 lokacin da ya haɗa tabun, iskar yaƙi mai kisa, bayan shekara biyu aka samu sarin, wadda wata ƙungiya ta saki a jirgin ƙasan Tokyo a 1995. Diklobos bai kai su ƙarfi ba ko kusa, amma gidansu ɗaya, kuma ƙofa ɗaya suke bi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a ajin magungunan ƙwari masu tsananin haɗari.

Ba sai an faɗi ba

Da yawa daga cikin masu amfani da shi za su ce shekara nawa muna yi, ba abin da ya same mu. Nan ne binciken ya fi amfani ga ɗan kasuwa. Diklobos yana tashi cikin iska da sauri, ana shaƙarsa, yana kuma ratsa fata. Duk shaƙa ɗaya tana toshe wani kaso na enzayim ɗin, kuma jiki ba ya mayar da shi a kwana ɗaya. Wanda ke cikin ƙwayoyin jini yakan ɗauki makonni kafin ya koma daidai. Mutumin da ya fesa yau, ya fesa jibi, ya kwana a shagon, kamar mai cin uwar kuɗi ne yana zaton riba yake ci. Ciwon kai, jiri, kasala, gani dishi-dishi, duk sai a ɗora wa zazzaɓin sauro ko gajiyar kasuwa. Ranar da ajiyar ta ƙare, fesawar da ba ta fi ta kullum ba ce za ta kayar da shi.

Ana iya auna wannan a jini. Tun 1961 wani masani, George Ellman, ya fitar da hanyar gwaji mai sauƙi da har yau ake amfani da ita. A jihar Kalifoniya ta Amurka, tun 1974 doka ta tilasta a riƙa auna jinin ma'aikatan gona masu hulɗa da irin waɗannan magunguna, kuma idan enzayim ɗin ƙwayar jini ya sauka zuwa kashi 70 cikin 100 na yadda yake tun farko, a janye mutum daga aikin sai ya farfaɗo. Mu a nan yaron shago ne ke juya wake da tafin hannu, babu mai tambayar jininsa.

Sai batun mai ciki da jariri, wanda a ganina ya fi komai nauyi, tunda mata ne ke zama kan wake daga safe har la'asar, da goyo a baya. Ɗan aiken nan da mai share fagensa suna da hannu a yadda ƙwaƙwalwar ɗan tayi ke ginuwa. A kwarin Salinas na Kalifoniya, masu bincike sun bi matan ma'aikatan gona tun suna da ciki, suna auna ragowar oganofosfet a fitsarinsu, sannan suka bi 'ya'yan. Sakamakon da aka buga a 2011 ya nuna cewa a shekara bakwai, 'ya'yan matan da suka fi yawan dafin sun gaza 'ya'yan waɗanda suka fi ƙarancinsa da kimanin maki 7 a gwajin kaifin fahimta. Wani binciken na Jami'ar Kolombiya a birnin New York, shi ma a 2011, ya sami makamancin haka game da kulofirifos, ɗan uwan piya-piya da ake fesa wa kayan lambu. Tarayyar Turai ta hana kulofirifos a 2020. Waɗannan bincike a kan dangin maganin aka yi su, kuma a kan matan da ba su taɓa faɗuwa ko suma ba. Yaro ba zai nuna komai a ranar suna ba, sai an kai shi makaranta.

Kada kuma a ce duk abin da ya taɓa wannan enzayim dafi ne. A cutar mantuwa ta tsufa da ake kira Alzaima, masu bincike a Birtaniya sun gano a 1976 cewa 'yan aiken ne ke ƙaranci a ƙwaƙwalwa. Sai aka nemi maganin da zai ɗan riƙe hannun mai shara, don 'yan kaɗan ɗin da suka rage su daɗe suna aiki. Donefezil, wanda aka amince da shi a Amurka a 1996, haka yake yi. Ba ya warkar da cutar, yana dai sassauta alamominta na wani lokaci. Bambancin shi ne an auna shi, kuma yana riƙewa ya saki. Na kwalbar kasuwa ba awo, ba saki.

Idan abin ya faru

Nono ba magani ba ne, manja ba magani ba ne, sa yatsa a maƙogwaro don a yi amai kuma ƙarin haɗari ne, don aman na iya komawa huhu tare da man da aka narka dafin a ciki. A fitar da mutum waje inda iska take. A cire masa tufafin da maganin ya taɓa, a wanke fatar da ruwa mai yawa da sabulu, mai wankewar ya sa leda a hannu. A kwantar da shi ta gefe don yawu ya zuba waje. A ɗauki kwalbar a tafi da ita likita, domin sunan da ke jikinta ne zai gaya wa ma'aikacin lafiya abin da zai yi.

Akwai makari, allurar atirofin, tsohon magani ne mai araha da ke cikin jerin magungunan dole na Hukumar Lafiya ta Duniya. Ba ta kwance enzayim ɗin, tana toshe kunnen da ke jin ihun 'yan aike ne, har huhu ya bushe numfashi ya dawo. Sau da yawa sai an yi ta maimaita ta, shi ya sa ba aikin mai kemis ba ne. Kuma kada dangi su matsa a sallami mara lafiya don ya buɗe ido ya sha kunu. Likitoci biyu a Siri Lanka sun bayyana a 1987 cewa bayan kwana ɗaya zuwa huɗu, tsokar wuya da ta numfashi na iya sake mutuwa ga wanda ake ganin ya warke. Idan hakan ta same shi a gida, a ƙauyen da ke nesa da kwalta, sai dai Allah.

Ƙwayar nan ta Phostoxin da ake naɗewa a tsumma a jefa cikin buhu, ita wata aba ce daban. Iskar fosfin take fitarwa, atirofin ba ta yi mata komai, kuma ba ta da makari. Buhun da aka sa wa ita bai kamata ya kwana ɗaki ɗaya da mutum ba, ko ɗakin da ke jikin na kwana.

Asarar kasuwa

Ko da mutum ya ce lafiyarsa tasa ce, akwai maganar ciniki. A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Najeriya, bayan an yi ta samun diklobos a cikinsa daga miligiram 0.03 har zuwa 4.6 a kilo, alhali iyakar da suka yarda da ita 0.01 ce. A 2016 suka ƙara wa'adin da shekara uku. Waken Arewa da ke tsallaka iyaka a buhu ɗaya yake haɗuwa da na Kabi da na Sakkwato, sunan da ya ɓaci na kowa ne. A ƙarshen 2018 hoton bidiyon wasu 'yan kasuwa suna zuba Sniper a kan wake ya zagaye wayoyin Najeriya, masu saye suka tsorata. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben maganin a kasuwanni da kantuna, saboda yawan masu shan sa don halaka kansu da kuma zuba shi a abinci. Wannan mataki yana da hujja: a Siri Lanka, hana magungunan ƙwari mafi haɗari ya rage kisan kai ƙwarai, har masana suka ƙiyasta an tsirar da rayuka kusan 93,000 tsakanin 1995 da 2015, ba tare da noma ya faɗi ba. Kwalbar da ke ƙarƙashin gado, a gidan da ake cikin ɓacin rai, ba ƙaramar fitina ba ce.

A ɓangaren Nijar, kwamitin ƙasashen Sahel mai tantance magungunan ƙwari, wanda ya fara aiki a 1994 ƙarƙashin CILSS, shi ke ba da lambar izini. Duba kwalbar da ke kan teburin mai kayan koli, musamman wadda aka ɗura a tsohuwar robar lemo, ka ga ko za ka sami wata lamba. Gaskiya ne diklobos yana gushewa da lokaci, wanki da dafuwa na rage shi sosai, to amma mai ƙosai da ta sayi tiya biyu da safe ba ta san ko jiya aka fesa ba, ba ta kuma san yawan da aka zuba ba. Waken da ke warin magani, ko wanda ya kai bazara a buɗaɗɗen buhu ko ƙuda ba ya sauka a kansa, abin tambaya ne.

Buhu mai riga uku

Abin takaicin shi ne an daɗe da samun mafita, kuma da hannun masananmu a ciki. Larry Murdock na Jami'ar Purdue a Amurka ya fara gwajin ajiye wake a leda mai ninki uku tare da masu bincike a Marwa ta ƙasar Kamaru tun ƙarshen shekarun 1980. A 2007 aka ƙaddamar da shirin buhun PICS a ƙasashe goma na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, Nijar na ciki, kuma Dokta Ibrahim Baoua da abokan aikinsa na cibiyar INRAN a Maraɗi sun yi gwaje-gwaje masu yawa a kansa. Leda biyu ne masu kauri, ɗaya cikin ɗaya, sai buhun saƙa a waje. Ƙwarin da ke ciki su ne ke shanye iskar da ta rage da numfashinsu. Da ta yi ƙasa sai su daina ci, su daina haihuwa. Binciken da aka buga a 2012 ya nuna cewa ƙishirwa ce ke ƙarasa su, domin ƙwaron wake daga abincin da yake ƙonawa da iska yake samun ruwan jikinsa.

Inda ake samun matsala a wajen ɗauri ne. Wake ya bushe sarai, a fece shi daga ɓawo da tsakuwar da za ta huda leda. A hura kowace leda a ga ko tana da huji. A matse iska, a murɗe bakin ta ciki a ɗaure ita kaɗai, sannan ta biyu ita kaɗai, sannan buhun waje. A ɗora a kan katako nesa da bango saboda ɓera. Buhun da aka kula da shi yakan yi kaka fiye da ɗaya, ledar da ta huje kuma a mayar da ita wani aikin. A yi hattara da mai siririyar leda da ake sayarwa da sunan na gaske.

Mai auna tiya kullum za ta ce ita buhunta ba ya rufuwa, kuma tana da gaskiya, don buɗewa sau ɗaya na mayar da iska sabuwa. Dabarar ita ce a raba kaya biyu: na ajiya a ɗaure shi kada a taɓa sai ranar fitarwa, na ciniki kuma a zuba a jarkoki masu murfin kirki, waɗanda ba su taɓa ɗaukar fetur ko magani ba, a cika su har baki, a riƙa buɗe ɗaya bayan ɗaya. Rana ma tana aiki. Gwajin masanan Purdue ya nuna zafin da ya kai digiri 57 na tsawon awa ɗaya yana kashe ƙwan da tsutsar da uwar. Ana shimfiɗa busasshiyar ciyawa a ƙasa, a ɗora baƙar leda, a baza wake kaɗan-kaɗan, a rufe da farar leda mai nuna ciki, a naɗe gefuna a danne da duwatsu, a bar shi awa biyu da tsakar rana. Idan ya huce sai a zuba a jarka a rufe.